Frederic Bartlett: Malamin da ya bi sawun yadda labari ke sauya kama a ƙwaƙwalwa

Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta bayan la'asar a Limawa, sai wani bawan Allah ya iso da labarin haɗarin mota da aka yi a kusa da Shuwarin. A bakinsa, wata ƙaramar mota ce ta kauce wa ɗan acaɓa ta faɗa rami, mutum biyu suka ji rauni. Kafin a kira sallar isha'i labarin ya sake dawo mana ta bakin mutum na uku, amma a wannan karo motar ta zama bas, mutum biyu sun zama bakwai, ɗan acaɓa ya ɓace daga cikin zancen, an kuma samo wa haɗarin dalili, wai barci ne ya kwashe direba. Na san mutanen nan uku, kuma babu wanda zan iya nunawa a cikinsu in ce maƙaryaci ne. Kowannensu zai iya rantsuwa a kan abin da ya faɗa. To, a ina labarin ya sauya?

Wannan ita ce tambayar da wani Baturen Ingila mai suna Frederic Charles Bartlett ya shafe kusan shekara 20 yana bin sawunta, tun daga 1913 har zuwa 1932 lokacin da ya fitar da amsarsa a littafi. Masana na lissafa shi cikin magabatan wani tafarki na ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ke cewa ba za a gane dalilin aikin mutum ba sai an gane abin da ke gudana a cikin kansa: yadda yake gani, yadda yake tunawa, da yadda yake ba abu ma'ana kafin ya ɗaga hannu ko ya buɗe baki. Na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihin wannan malami, domin abin da ya gano ya shafi alƙali da lauya da likita da ɗan jarida da malamin makaranta, ya kuma shafi duk wanda ke riƙe da wayar hannu a yau.

An haifi Bartlett ranar 20 ga Oktoba, 1886, a wani ƙaramin gari mai suna Stow-on-the-Wold a yankin yammacin Ingila, inda mahaifinsa ke sana'ar ɗinkin takalma. Yana yaro ya kamu da ciwon haƙarƙari mai tsanani, wanda ya hana a tura shi makarantar kwana kamar tsararrakinsa. A gida ya yi yawancin karatunsa na sakandare, yana karanta duk littafin da hannunsa ya kai gare shi, yana kuma yawo a karkara don ya samu ƙarfin jiki. Digirinsa na farko ma ta hanyar wasiƙa ya yi shi, irin karatun da wasu iyayenmu ma'aikatan En'e suka yi a zamaninsu, ya kuma samu shaidar Jami'ar Landan a fannin falsafa a 1909, sannan digiri na biyu a 1911. Bayan haka ne ya shiga Kwalejin St John's ta Jami'ar Kambirij, ya sake zama ɗalibin digirin farko, ya kammala a 1914.

Abin da ya ja shi zuwa Kambirij shi ne sha'awar nazarin al'adun al'ummomi. A can akwai malamai biyu, W. H. R. Rivers da Charles Myers, waɗanda suka kasance cikin ayarin masanan da suka je tsibiran Torres, tsakanin Ostareliya da Niyu Gini, a 1898, inda suka auna gani da ji na mazauna wurin. Rivers ya shawarce shi da ya fara ƙwarewa a ilimin halayya kafin ya fita nazarin al'adu. Ya bi shawarar, kuma daga nan bai sake barin fannin ba, sai dai tambayar al'ada ba ta taɓa fita daga ransa ba. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, rashin lafiya ya hana a ɗauke shi soja, sai aka bar masa kula da ɗakin gwaje-gwajen jami'ar yayin da Myers ya tafi aikin likitan soja. A 1920 ya auri abokiyar aikinsa Mary Smith, a 1922 ya zama darektan ɗakin gwajin, a 1931 kuma ya zama farfesa na farko na ilimin halayya na gwaji a Kambirij.

Domin a gane girman abin da ya yi, sai an dubi yadda ya samu fannin. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a kan tunawa da mantuwa. Dabararsa ita ce ya ƙirƙiri gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya haddace su, sannan ya auna nawa suka zube bayan awa guda, bayan kwana guda, bayan wata guda. Ya cire ma'ana da gangan, domin a ganinsa ma'ana tana gurɓata awo. A Amurka kuma, a 1913, John Watson ya kafa wata mazhaba da ke cewa masani ya tsaya ga abin da ido ke gani kawai, wato abin da ya taɓa mutum daga waje da kuma martanin da ya mayar. Abin da ke tsakanin biyun, wato tunani da niyya da fahimta, sai a bar shi, tunda ba ya aunuwa. Wannan mazhaba ta mamaye jami'o'in Amurka kusan shekara 40, ana gwaji da ɓeraye da tantabaru ana ɗora sakamakon a kan ɗan Adam.

Bartlett ya fara da gaɓoɓin Ebbinghaus, amma bai daɗe ba ya ajiye su. Ya lura cewa ko an ba mutum sauti marar ma'ana, sai ya ƙaƙaro masa ma'ana kafin ya iya riƙe shi. Wani abu kuma ya faru a watan Mayun 1913, ranar bikin buɗe sabon ɗakin gwajin Kambirij. An sa shi ya riƙa nuna wa baƙi zane-zane da hotuna na ɗan lokaci kaɗan, yana tambayarsu abin da suka gani. Hoto ɗaya ne, amma kowane baƙo da irin bayaninsa, kuma kowa yana da yaƙini a kan nasa. Daga nan ya yanke shawarar cewa idan ana son a san yadda mutum ke tunawa a rayuwarsa ta kullum, to, sai a ba shi abu mai ma'ana, kamar labari ko hoto, a zuba ido a ga abin da zai yi da shi.

Labarin da ya zaɓa wata tatsuniya ce ta 'yan asalin arewacin Amurka, wadda masanin al'adu Franz Boas ya rubuta daga bakinsu, ana kiranta Yaƙin Fatalwa. A taƙaice, samari biyu ne suka fita farautar wata dabbar ruwa da dare, sai mayaƙa a cikin kwalekwale suka gayyace su yaƙi. Ɗaya ya ba da uzuri ya koma gida, ɗayan ya bi su. A fagen fama aka ce an harbe shi, amma bai ji zafi ba, sai ya gane cewa da fatalwa yake tare. Ya dawo gida ya ba da labari, da gari ya waye wani baƙin abu ya fito daga bakinsa, ya faɗi matacce. Bartlett ya zaɓi wannan tatsuniya ne saboda baƙuwa ce ga Turawan Ingila, kuma sassanta ba su haɗu da juna ta hanyar da suka saba ba.

Ya bi hanyoyi biyu. A ta farko, mutum zai karanta labarin sau biyu, bayan minti 15 ya rubuta abin da ya tuna, sannan a sake neman ya rubuta bayan kwanaki, ko watanni, ko shekaru. Akwai wanda aka koma wa bayan shekara 10. A ta biyu, wadda abokinsa masanin lissafi Norbert Wiener ya ba shi shawararta, mutum na farko zai rubuta abin da ya tuna a miƙa wa na biyu, na biyu ya karanta ya rubuta nasa a miƙa wa na uku, haka har zuwa na goma ko fiye. Wannan ta biyun ita ce daidai abin da ya faru a majalisarmu ta Limawa.

Sakamakon ya zo da tsari mai maimaita kansa. Da farko labarin yana gajarcewa, sunayen wurare da adadi su ne ke fara zubewa ko su rikiɗe. Na biyu, baƙon abu yana komawa sananne: kwalekwale ya zama jirgin ruwa irin na Ingila, farautar dabbar ruwa ta zama kamun kifi. Na uku, inda labarin bai faɗi dalili ba, mai tunawa yana cusa nasa dalilin ba tare da ya san ya yi ba. Baƙin abin da ya fito daga bakin saurayin ya zama kumfa a wurin wasu, a wurin wasu kuma ya zama fitar rai. Fatalwar ma, duk da cewa ita ce kan labarin, ta ɓace gaba ɗaya a wasu jerin. Na huɗu, wanda ya fi tayar da hankali, ƙarfin yaƙinin mutum ba ya nuna ingancin abin da ya tuna; sau da yawa ɓangaren da ya ƙaro da kansa shi ne ya fi tsayawa a kai. Ya yi irin wannan gwaji da zane. Ya ba mutum na farko hoton mujiya irin na rubutun Misirawan dā, aka yi ta kwafa daga ƙwaƙwalwa ana miƙawa, kafin a kai ƙarshen layi mujiya ta zama kyanwa har da wutsiya.

A littafinsa mai suna Remembering, wato Tunawa, wanda ya fito a 1932, Bartlett ya bayyana dalilin haka. Yawancinmu muna ɗaukar ƙwaƙwalwa kamar rumbu, inda ake zuba hatsi a rufe, ranar buƙata a ɗebo shi yadda aka zuba, sai dai abin da gara ta ci. Shi kuwa ya nuna cewa tunawa sabon gini ne da mutum ke yi a duk lokacin da ya waiwayi abin da ya wuce. Abin da ke saura a kai ɗan kaɗan ne: yanayin da abin ya jefa mutum a ciki, da wasu 'yan ɓurɓushi da suka fi jan hankalinsa. Sauran kuwa yana cike shi ne daga tarin abin da ya saba gani da ji tun yana yaro. Wannan tari mai tsari Bartlett ya ba shi suna da wata kalma da ya aro daga likitan jijiyoyi Henry Head, wadda a Hausa zan kira mazubin tunani, domin duk abin da ya shiga cikinsa siffarsa yake ɗauka. Sai dai mazubi ne mai rai, kowane sabon abu da aka zuba yana ɗan sauya shi. Bartlett mai son wasan kurket da tanis ne, kuma da su ya buga misali: ɗan wasa ba ya ɗauko tsohon bugu ya maimaita shi, kowane bugu yana ƙera shi ne nan take daga abin da jikinsa ya saba da kuma yadda ƙwallon ta zo. A ganinsa haka tunawa take.

A majalisarmu, mazubin haɗarin mota a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ƙunshi bas cike da fasinja da direban da ya kwana yana tuƙi. Shi ya sa ƙaramar mota ta zama bas, barci kuma ya shigo ya kori ɗan acaɓa.

Tun da mazubi daga rayuwa yake samuwa, ke nan al'ada tana da hannu a cikin abin da mutum ke tunawa. A 1929 Bartlett ya ziyarci kudancin Afirka, ya shiga ƙasar Suwazilan, wadda tun 2018 ake kira Eswatini. Turawan mulkin mallaka sun cika shi da labarin cewa mutanen ƙasar suna da wata baiwar hadda ta daban. Da ya gwada wani yaro da saƙon baki ya kai wani ɓangaren ƙauye, sai yaron ya zubar da wasu muhimman sassa, daidai yadda yaron Ingila zai yi. Amma da aka kawo wani makiyayi aka tambaye shi shanun da maigidansa ya saya shekara guda da ta wuce, sai ya jero su da launinsu da farashinsu da sunan wanda aka saya a wurinsa, aka duba littafin ciniki aka samu kurakurai biyu kacal, su ma ƙanana. An kuma ba shi labarin wasu manyan ƙasar da suka je Ingila, da suka dawo abin da ya fi zama a ransu shi ne ɗan sanda mai ba da hannu a titi, domin ɗaga hannunsa ya yi kama da gaisuwarsu. Wanda ya taɓa ganin Bafillace yana rarrabe shanunsa ɗaya bayan ɗaya a cikin garke ba zai yi mamaki ba. Mutum yana riƙe abin da al'ummarsa ta ɗauka da muhimmanci.

Wannan tunani ya iso Arewacin Nijeriya tun Bartlett yana tsakiyar aikinsa. Siegfried Nadel, wanda ya taso a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda ya yi nazari a ƙasar Nupe tsakanin 1934 da 1936, ya kuma rubuta shahararren littafin nan a kan masarautar Bida mai suna A Black Byzantium, ya ɗauki dabarar Bartlett ya gwada ta a kan matasa 'yan makaranta, Nufawa da Yarabawa. Ya ba su labari ɗaya, ya nuna musu hotuna, daga baya ya nemi su maimaita. A rahoton da ya wallafa a 1937 ya ce Yarabawan sun fi mai da hankali ga dalilai da yadda wani abu ya haifar da wani, Nufawan kuma sun fi jero abubuwa daki-daki tare da kiyaye lokaci da wuri. Nadel ya danganta bambancin ga al'adun ɓangarorin biyu, musamman fasaharsu da tsarin addininsu na gargajiya. Samfurinsa kaɗan ne, kuma ba a gina hukunci a kan ƙabila da irinsa, amma ya nuna cewa labari ɗaya yana iya shiga kunnuwa biyu a ƙasa ɗaya ya fito da fuska biyu, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, Bartlett ya juya ga matsalolin aiki. A 1940 ya wallafa littafi a kan farfagandar siyasa. Ɗakin gwajinsa kuma ya koma nazarin gajiyar matuƙan jiragen sama, inda hazikin ɗalibinsa Kenneth Craik ya ƙera kwaikwayon ɗakin tuƙin jirgi, aka riƙa sa matuƙa su yi awanni a ciki ana lura da su. An gano cewa gajiya tana fara cin hankali kafin ta ci hannu. Matuƙin da ya gaji yana ƙuntata kallonsa ga na'urorin da ke gabansa, ya manta da na gefe kamar ma'aunin mai, yana yarda da kuskuren da da farko ba zai yarda da shi ba, yana kuma ganin aikinsa lafiya lau, laifin na inji ne. Masu kula da direbobin dogon zango da likitocin da ke kwana a bakin aiki suna da abin koyo a nan. A 1943 Craik ya wallafa ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa tana gina ɗan ƙaramin samfurin duniya a cikinta, tana gwada mataki a kansa kafin jiki ya aikata. A 1944 aka kafa sashen bincike na musamman a Kambirij aka naɗa shi shugaba, amma a watan Mayun 1945 mota ta buge shi yana kan keke, ya rasu yana da shekara 31. Wannan rashi ya girgiza Bartlett ƙwarai, shi ya karɓi ragamar sashen bayansa. An ba shi sarautar Sir a 1948, ya yi ritaya daga kujerar farfesa a 1952, ya fitar da littafinsa a kan tunani mai suna Thinking a 1958, ya rasu a Kambirij ranar 30 ga Satumba, 1969, yana da shekara 82.

A lokacin rayuwarsa Amurkawa ba su ba ra'ayinsa na mazubi muhimmanci sosai ba, suna ganin ba shi da tsayayyen awo. Sai daga tsakiyar shekarun 1950 iska ta juya. A 1956 George Miller ya nuna iyakar abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda. A 1958 ɗalibin Bartlett, Donald Broadbent, ya bayyana yadda hankali ke tace abin da kunne ke ji. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya yi wa littafin B. F. Skinner a kan harshe raddi mai zafi, inda ya kafa hujja da cewa yaro yana furta jimlolin da bai taɓa ji ba, don haka dole akwai ƙa'idojin da yake ginawa a cikin kansa. A 1967 Ulric Neisser ya fitar da littafin da ya raɗa wa sabon tafarkin suna, kuma ya dogara ƙwarai da Bartlett. Daga nan masu ƙera kwamfuta mai kwaikwayon tunani suka ɗauki ra'ayin mazubi, haka ma likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, wanda ya gina hanyar magance ciwon damuwa a kan gyara yadda majiyyaci ke fassara abin da ya same shi.

Adalci ne a faɗi inda aka soke shi. Bartlett ba ya son lissafin ƙididdiga, kuma ba ya ba mutanen da yake gwadawa umarni iri ɗaya. A 1967 wasu masana biyu, Gauld da Stephenson, sun nuna cewa idan aka ja kunnen mutum ya faɗi abin da ya tabbatar kawai, kurakurai suna raguwa sosai. Sai a 1999 Bergman da Roediger suka maimaita gwajinsa bisa tsari mai tsauri suka samu sakamako irin nasa. Haka kuma ya yi kuskure irin na zamaninsa, inda ya ɗauka cewa al'ummomin da ba su yi boko ba sun fi karkata ga hadda irin ta aku. Binciken Sylvia Scribner da Michael Cole a tsakanin al'ummar Vai ta Laberiya, wanda ya fito a 1981, ya nuna cewa kowane irin karatu yana kaifafa irin ƙwarewar da ake motsawa a cikinsa. Waɗanda suka yi makarantar allo sun yi fice a haddar da ake ƙara kalma a kan kalma, amma a sauran gwaje-gwajen tunawa ba su bambanta da kowa ba. Wannan ya dace da abin da muka sani a tsangayunmu. Alaramma yana kiyaye lafazi ne saboda shekarun tilawa da bita da kuma kunnen wasu alarammomi da ke gyara masa, amma idan ya ga haɗari a hanya, shi ma zai ba da labarinsa kamar kowa.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan rauni. Shi ya sa ba su wadatu da adalcin mai ruwaya ba, sai sun binciki kiyayewarsa, kuma sun ajiye ruwayar mutanen kirki da dama saboda raunin hadda. Ayar bashi a Suratul Baƙara ma ta yi umarni da a rubuta. Abin da Bartlett ya ƙara shi ne nuna hanyar da kuskuren ke bi, da cewa yana da alƙibla: kullum yana karkata ne zuwa ga abin da mai tunawa ya riga ya saba da shi ko yake tsoro.

A nan ne batun ya wuce ɗakin gwaji, domin mutane suna aiki ne da labarin da suka gina. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan Dala miliyan 75 a 2009. Wannan lamari ya bar mazubi a zukatan jama'a: baƙo ya zo da magani kyauta, yara sun mutu. Da jita-jitar cewa allurar shan inna tana hana haihuwa ta taso a 2003, sai ta samu wurin zama a shirye. Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara da dama suka shanye. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu suna son 'ya'yan nan, kuma tsoronsu yana da tushe. Jami'in da ya tunkare su da takardar ƙididdiga kawai, bai san mazubin da maganarsa za ta faɗa ciki ba. Sai da aka sa sarakuna da malamai a gaba, waɗanda jama'a ke da wani mazubin na amana game da su, sannan al'amari ya sauya. Haka a watan Agustan 2014, saƙon waya ɗaya ya sa dubban mutane suka tashi da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha don tsoron Ebola, wasu suka ƙare a gadon asibiti.

Ga masu aikin shari'a kuma akwai gwajin Elizabeth Loftus da John Palmer na 1974. Sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin, suna sauya aikatau ɗaya kawai a cikin tambayar. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin ragargazewa sun ƙiyasta kusan mil 41 a awa, waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin taɓa juna suka ce kusan mil 32. Bayan mako guda, 16 cikin 50 na waɗanda suka ji kalmar ragargazewa sun ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. A matsayina na ɗalibin harshe, wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Ɗan sandan da ya tambayi mai shaida da cewa motocin sun gogi juna, da wanda ya ce sun yi karo, da wanda ya ce sun yi kaca-kaca, ba amsa ɗaya za su samu ba, kuma tafintan kotu yana iya sauya shaida da kalma guda.

Hausa ta tanadar mana kariya, sai dai muna sakaci da ita. Muna da "wai" da "an ce" da "in ji wane", waɗanda ke raba abin da mutum ya gani da abin da ya ji. Na lura cewa a duk lokacin da labari ke tafiya daga baki zuwa baki, ko daga waya zuwa waya a WhatsApp, waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke fara faɗuwa, kafin a kai mutum na huɗu jita-jita ta zama ganau. Don haka ina roƙon ma'aikacin da ya halarci taro ya rubuta abin da aka yanke tun kafin ya kwanta, mai bincike ya ɗauki bayanin shaida da wuri kuma ya bar shi ya yi magana da kalmominsa, ɗan jarida ya nemi mutum na farko a jerin, mu kuma 'yan majalisa mu mayar da "wai" inda muka same ta. Idan matarka ko abokin aikinka ya tuna wata magana saɓanin yadda ka tuna ta, kada ka yi saurin kiransa maƙaryaci, domin mai yiwuwa ku biyun duka gini kuka yi.

Washegari na bincika labarin haɗarin Shuwarin a wurin wanda ya taimaka aka fito da motar. Ƙaramar mota ce, mutum biyu ne, kuma an sallame su tun daren. Amma ya ce shi bai ga ɗan acaɓa ba, akuya ce ta gitta. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma tsare harsunanmu.

Daga Unguwar Limawa, Dutse, Jihar Jigawa.